Hangara da Tirif: Wanne Ne Ke Hana Wake Ɗaura 'Ya'ya?

Tambaya: Wani bawan Allah mazaunin birnin Kano, mai gonar wake da kuɓewa a bayan gari ta hanyar Gezawa, ya rubuto cewa tun da wakensa ya fara fure wasu manyan ƙwari baƙaƙe masu ratsin ja da rawaya suka sauka suna cinye furen. Ya yi feshi sun ragu, amma har yanzu waken bai ɗaura 'ya'ya yadda ya kamata ba. Da ya ɓare wani fure sai ya ga wasu mitsi-mitsin baƙaƙen ƙwari suna guje-guje a ciki, maƙwabcinsa kuma ya ce masa 'ya'yan manyan ne. Yana son ya san ko haka ne, da kuma wanda ya kamata ya fi mayar da hankali a kansa.

Amsa: Malam, Allah ya sa wa noma albarka. Zancen maƙwabcinka ba haka yake ba, ko da yake ba a ga laifinsa ba, domin duk wanda ya ga babba da ƙarami a kan fure ɗaya zai iya yin wannan zato. Manyan da ka gani hangara ce, ƙananan kuwa su ne waɗanda masana ƙwari ke kira tirif, kuma babu dangantakar haihuwa ko ta jinsi a tsakaninsu. Hangara tana cikin babban dangin ƙwari masu murfi a bayansu, dangin buzuzu da ƙwaron da ke huda wake a buhu, dangin da aka ƙididdige nau'o'insa kusan 400,000 a duniya. Tirif dangi ne na daban, mai nau'o'i sama da 6,000. Abin da zai kashe maka shakka shi ne wannan: ƙwaro irin waɗannan, da zarar ya yi fukafukai, ya gama girma ke nan har ya mutu. Ɗan hangara tsutsa ne da ke rayuwa a cikin ƙasa, ba ya hawa fure ya ci. Baƙin tirif da ka gani yana gudu, wanda tsawonsa bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, shi ma baligi ne mai fukafukai, har ƙwai yake yi.

Babban abin da ya raba su, wanda sauran bambance-bambancen duk daga gare shi suka taso, shi ne baki. Hangara tana da muƙamuƙai biyu masu cizo da tauna, saboda haka ɓarnarta guntulewa ce: za ka tarar an cinye gefen fure, ko an cinye shi ɗungurungum an bar gindinsa, kuma mai laifin yana nan zaune a kai da rana tsaka. Tirif ba ya iya tauna. Bakinsa wani irin tsinke ne mai ban mamaki a halitta, domin muƙamuƙinsa na hagu kaɗai ya cika, na dama ya shanye tun yana cikin ƙwai. Da na hagun yake huda fatar tsiro, sannan ya zura wani siririn bututu ya zuƙe ruwan da ke ciki. Wurin da ya zuƙe iska ce take maye gurbin ruwan, shi ya sa yake komawa fari-fari yana ƙyalli, daga baya ya zama ruwan ƙasa ya bushe. Don haka idan ka ga wani yanki na fure ko ganye ya ɓace, aikin mai tauna ne. Idan kuwa komai yana nan bai guntule ba amma ya koɗe, ya yamutse ko ya bushe, ka nemi mai zuƙa.

Bari mu ɗan tsaya a kan hangara, tun da ita ce ta fara tayar maka da hankali. Waɗanda suka fi yawa a gonakinmu su ne na jinsin Mylabris da Coryna. Jikinsu dogo ne, wuyansu siriri, murfin bayansu kuma bai yi tauri kamar na buzuzu ba. Manyan sukan kai santimita 2 zuwa 3, ƙananan kuma wajen santimita 1. Suna son furen wake da kuɓewa da yakuwa da rama da auduga da kabewa, akwai kuma wasu 'yan uwansu na jinsin Psalydolytta, masu launin toka ko ruwan ƙasa, da suka addabi manoman gero a ƙasashen Sahel kamar Mali da Senegal da Gambiya, suna cin bununi da ƙwayar da ba ta ƙosa ba. Macen tana yin ƙwai a cikin ƙasa, tsutsar da ta fito kuma tana yawo tana neman inda fara ta binne ƙwanta, ta shiga ta cinye. Wannan yana da muhimmanci ta fuska biyu. Na farko, ƙwaron da ke cin furenka a watan Satumba shi ne wanda tsutsarsa ta rage maka fara. Na biyu, inda fara ta yi yawa ta zuba ƙwai, akwai yiwuwar hangara ta biyo baya da yawa. Galibinsu zuriya ɗaya suke yi a shekara, kuma ba a cikin furen suke hayayyafa ba. Tashi suke yi su zo daga wani wuri, su ci, su ƙara gaba. Shi ya sa ɓarnarsu ta fi tsanani a gefen gona, da a ƙaramar gona, da kuma a gonar da ta riga na maƙwabta yin fure, domin duk hangarar yankin a kanta za ta taru.

Launin nan nata mai ɗaukar ido gargaɗi ne. A jikinta akwai wani dafi da ake kira kantaridin, kuma idan aka matse ta tana fitar da wani ruwa rawaya daga gaɓoɓin ƙafafunta. In ya taɓa fata, bayan wasu sa'o'i wurin yakan yi bororo kamar an ƙone. Kada ka tsince ta da hannu tsirara, kada ka murtsuke ta idan ta sauka a wuyanka, hure ta za ka yi ko ka kaɗe ta a hankali, in kuma ruwan ya taɓa ka, ka wanke da sabulu nan take, ka kiyaye ido. A ja wa yara kunne sosai, domin haɗiye ta yana illata ciki da ƙoda, yana iya kisa. Dafin ba ya lalacewa don ƙwaron ya mutu ya bushe, kuma a Amurka an sha samun dawakan da suka mutu bayan sun ci busasshiyar ciyawa da aka ɗaure tare da irin waɗannan ƙwari. A gari irin Kano, inda ake kiwon dawaki da harawa, ina ganin wajibi ne mai gonar da hangara ta yi wa yawa ya kakkaɓe harawarsa ya duba ta kafin ya ɗaure.

Akwai wani rukunin masu cin fure da ya kamata ka sani, na jinsin Pachnoda. Su gajeru ne masu kauri, bayansu da tauri, baƙi ko ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigon rawaya ko ja, suna tashi da ƙugi, kuma ba sa ɗaga murfin bayansu in za su tashi, ta gefe suke zaro fukafukan. Sun fi damun dawa da gero lokacin bununi da lokacin da ƙwaya take ruwa-ruwa, suna kuma faɗa wa nunannen mangwaro da gwaba. Ba su da dafin hangara. Tsutsarsu tana cikin fararen gwazarman da ake tonowa a juji da tsibin taki, tana cin ruɓaɓɓen abu.

Ba kowane mai murfin baya da aka gani a fure ne maƙiyi ba. Da yawa garin fure kawai suke ci, suna kwasarsa a jikinsu daga wannan fure zuwa wancan. A shekarar 1981 aka ɗauki wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai suna Elaeidobius kamerunicus daga Kamaru aka kai Malesiya don ya riƙa yi wa kwakwar manja barbara, aikin da a da ma'aikata suke yi da hannu, kuma amfanin gonar ya ƙaru ƙwarai. Na kawo wannan ne don ka riƙa duba abin da ƙwaro yake yi kafin ka ɗauko famfon feshi.

Yanzu ga tirif, wanda a ganina shi ne ainihin matsalar gonarka. Wanda ke cikin furen wake sunansa Megalurothrips sjostedti, kuma yana cikin ƙwari mafiya ɓarna ga wake a Afirka ta Yamma baki ɗaya. Baligin baƙi ne mai sheƙi, siriri, fukafukansa kuma ba faffaɗa ba ne, sirara ne masu gashi-gashi a gefe. 'Ya'yan ba su da fukafukai, launinsu fari-fari ne zuwa rawaya ko ruwan lemo, kuma idan ka ƙara ɓare furen a hankali za ka gan su a can gindi. Macen tana tsaga jikin tohon fure ta cusa ƙwanta a ciki, inda ido ba ya gani, magani kuma ba ya kai wa. Ɗan yana ci a matakai biyu, sannan ya sauko ƙasa ya kwanta ba ci har ya rikiɗa ya fito da fukafukai. Daga ƙwai zuwa baligi mako 2 zuwa 3 ne kawai a yanayin ɗumi irin namu. Ka kwatanta wannan da hangara mai zuriya ɗaya a shekara, za ka ga dalilin da ya sa 'yan tsirarun da suka shigo gona kafin fure suke zama dubbai kafin a ankara. Da rani kuma suna fakewa a furannin itatuwa da ciyayin dangin wake, su jira damina.

Abin da ya sa ɓarnarsa ta fi muni shi ne lokacin da yake yin ta. Hangara ta fi cin furen da ya buɗe. Tirif tun tohon fure yana ƙanƙane, bai ma nuna launi ba, yake fara zuƙarsa. Tohon sai ya koma ruwan ƙasa, ya bushe, ya faɗi, a bar sandar furen tsaye da tabo-tabo ba kwanso ko ɗaya. Manomi yakan ga wake ya yi kore shar, ya yi yaɗo, ganye ko'ina, yana ta jiran fure, bai san furen ya riga ya zube tun bai buɗe ba. Inda suka yi yawa ba a ɗauki mataki ba, ana iya tashi da harawa kawai. Su kuwa furannin da suka samu suka buɗe, za ka gan su a yamutse da zane-zanen fari ko ruwan ƙasa, kwanson da ya fito kuma yakan lanƙwashe da tabo a jikinsa. Akwai wani abu game da wake da ke ƙara fito da bambancin. Furensa yawanci yana yi wa kansa barbara tun kafin ya buɗe, yana buɗewa da sassafe ya rufe kafin azahar, sannan ya yi rawaya ya faɗi. Saboda haka hangarar da ta ci gefen furen kawai, ba ta taɓa tsakiyarsa ba, wani lokaci ba ta hana kwanso fitowa. Wanda ya kashe tohon tun yana ƙarami kuwa bai bar komai ba. Yawancin manoman da ke zuwa da irin kokenka sun bar jaki ne suna dukan taiki, ba don sakaci ba, sai don ɗaya yana gaban idonsu, ɗayan kuma yana ɓoye.

Kafin ka yanke hukunci, ka je gonar da sassafe da farar takarda ko farin faranti. Ka tsinko fure kamar 20 daga sassa daban-daban, har da tsakiyar gona, ka kakkaɓe kowanne a kan takardar, sannan ka ɓare shi. Baƙaƙen za su watse da gudu, wasu su yi tsalle su tashi, rawayan kuma su riƙa tafiya a hankali. Kyamarar waya tana taimakawa wajen ƙara musu girma. Idan ɗaya ko biyu ka gani jefi-jefi, ba abin tashin hankali ba ne. Idan kusan kowane fure yana da su da yawa, kuma ga busassun toho a ƙasa, to ka gano mai laifi. Ka kuma lura da wasu abubuwa biyu da ke zubar da fure. Tsutsar maruka tana huda fure da kwanso, tana haɗa su da saƙa kamar yanar gizo, tana barin kashinta a bakin ramin. Ƙishirwa da zafin dare mai tsanani su ma suna sa wake ya zubar da fure ko babu ƙwaro. Faɗuwar furen da ya yi rawaya ya bar ɗan siririn kwanso a gurbinsa kuwa lafiya ce.

Idan kana noman rani, ko kana da 'yan uwa a Kadawa da Kura da Bunkure, akwai wani tirif da ya fi damun su, wato Thrips tabaci na albasa. Shi launinsa rawaya ne zuwa ruwan ƙasa, yana ɓuya a wuyan albasa tsakanin ganyayyaki, inda sai ka buɗa da yatsa za ka gan shi. Ganyen yakan yi dabbare-dabbaren fari mai ƙyalli da ɗigo-ɗigon baƙin kashi, bakinsa ya bushe, albasar ta kasa yin kai mai girma. Zafi da bushewar iska na Fabrairu da Maris su ne lokacinsa, ruwan sama mai ƙarfi kuwa yana kakkaɓe shi. Macensa tana iya hayayyafa ba tare da namiji ba. Wasu nau'o'in, kamar Frankliniella schultzei, suna ɗaukar ƙwayar cutar bairas da ke sa tumatir da tattasai da gyaɗa su yi zobe-zobe a ganye da 'ya'ya su tsumbure. An fara ganin wannan cuta a tumatir a Ostireliya a 1915. Tirif yana ɗaukar ta ne tun yana ɗa, ya riƙe ta har ƙarshen rayuwarsa yana yaɗawa, tsiron da ya kamu kuma ba shi da magani sai tugewa. Hangara ba a san ta da wannan aiki ba.

Tun da rayuwarsu ta bambanta haka, maganinsu ma ba zai zama ɗaya ba. Ga hangara a gona madaidaiciya, abin da na fi amincewa da shi shi ne tsinta. Da sassafe, kafin rana ta ɗumama su, ba sa iya tashi da sauri. Ka sa safar hannu ko ka ɗaura leda, ka riƙe bokiti mai ruwan sabulu a ƙarƙashin furen ka kaɗa su ciki, bayan sun mutu ka binne su inda kaji da awaki ba za su kai ba. Launin shuɗi mai haske yana jan su, saboda haka robobi shuɗɗa masu ruwan sabulu a gefen gona suna kama wasu. Shuka a lokaci ɗaya da maƙwabta tana raba nauyin, gero mai gashi a zangarniya kuma ba ya shan wahalarsu kamar marar gashi. Feshi yana kashe waɗanda ya samu, amma bayan kwana kaɗan wasu za su sauka daga daji. A kuɓewa ma ba na ba da shawarar feshin guba lokacin da ake tsinka, domin abin da ake tsinka kowane kwana 2 ko 3 a kai kasuwar Yankaba ba ya samun tazarar da maganin ke bukata kafin ya bar jikinsa.

Tirif ba ya tsintuwa, kuma a nan lokaci ya fi nau'in magani muhimmanci. Feshin farko ya kamata ya zo ne daidai lokacin da tohon fure ya fara bayyana, kafin a ga fure ko ɗaya a buɗe. A irin wake mai saurin nuna wannan yakan kama wajen mako na 5 bayan shuka, a irin gida mai jinkiri kamar Kanannado kuwa sai damina ta ja baya, saboda haka tsiron za ka duba, ba kwanan wata ba. Na biyu ya zo lokacin da fure ya cika gona, bayan ka sake gwajin farar takarda ka ga akwai bukata. Ka sa bakin famfon ya riƙa fitar da ruwa lallausa, ka nufi kan toho da sandunan fure, ba saman ganye kawai ba. Ka yi da yamma, lokacin da furen ya rufe kuma ƙudan zuma sun koma. Magungunan da aka saba ba manoman wake sun haɗa da masu sinadarin lambda-cyhalothrin da kuma haɗin cypermethrin da dimethoate. Ka sayi mai lambar NAFDAC, ka bi awon da ke jikin kwalba, ka rufe hanci da jiki, kuma kada ka nace wa sinadari ɗaya shekara da shekaru, domin tirif yana cikin ƙwari masu saurin sabawa da guba, musamman na albasa. Ruwan 'ya'yan darbejiya da aka daka aka jiƙa kwana ɗaya aka tace, aka ɗan sa sabulu, yana rage su idan an fara da wuri kuma ana maimaitawa kowane mako, ko da yake ba ya kashewa nan take. Yana da wata fa'ida kuma, domin bai cika hallaka ƙananan ƙwarin da ke farautar tirif a cikin fure ba, waɗanda feshin barkatai yake fara kashewa.

Game da iri, wataƙila ka ji labarin irin wake mai suna SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar a 2019. Kariyarsa daga tsutsar maruka ce kaɗai. Ba ya hana tirif, ba ya hana hangara ko ƙwarin da ke tsotse kwanso, shi ya sa ko masu shi suke cewa a yi masa feshi kamar sau 2. Kada ka shuka shi ka ɗauka ka gama da ƙwari.

A halin da gonarka take ciki yanzu, gwajin farar takardar nan shi ne abin yi gobe da safe. Idan ya tabbatar da tirif kuma waken yana ci gaba da fitar da sabon toho, ƙasa kuma da sauran danshi, feshi ɗaya da aka nufi tohon da shi zai iya ceto furen da ke tafe, musamman idan irin mai yaɗo ne da ke daɗewa yana fure. Hangarar da ta rage ka bi ta da bokiti. Idan ka ga abin da ka kasa ganewa, ka zuba furanni kaɗan a ƙaramar kwalba mai murfi, ka kai wa malamin gona na hukumar raya noma ta jihar Kano, KNARDA, da ke kula da yankinku, ko tashar cibiyar binciken noma ta IITA da ke nan Kano, su duba maka da gilashin ƙara girma kafin ka sake kashe kuɗi a kan magani.